Ƙaurin Roba A Mota: Daga Ina Yake Fitowa, Me Za A Yi?

Ranar kasuwa ce. A-kori-kura ta taso daga ƙauye da sassafe. An lafta mata buhunan masara, fasinjoji sun hau kan buhunan. Ana cikin tafiya sai wata tsohuwa da ke gidan gaba ta toshe hanci da gefen mayafi. Ta ce, "Ɗan nan, ba ka jin ƙauri? Kamar roba ce ke ƙonewa." Direba ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Shara ake ƙonawa a bakin hanya." Ya ƙara taka totur, don kada kasuwa ta ci ba shi.

Irin wannan magana ana yin ta kullum a hanyoyin karkara. Wani lokaci direba ne da gaskiya. Sau da yawa kuwa tsohuwar ce da gaskiya. Rarrabewa ba ta da wuya. Ƙaurin da ya fito daga waje yakan wuce da zarar an bar wurin. Ƙaurin da ya biyo mota, ko yake ƙaruwa, to daga jikinta yake.

Mota cike take da roba. Tayoyi roba ne. Bel roba ne. Tiyon ruwa da tiyon mai roba ne. Rigar da ke jikin wayoyin wuta ma dangin roba ce. Roba ba ta ƙauri sai ta yi zafin da ya wuce kima. Abu uku ne ke kawo wannan zafi: ko roba tana gugar wani abu, ko ta taɓa ƙarfe mai zafi, ko wutar batir ta bi inda bai kamata ba. Akwai kuma abubuwan da ba roba ba ne, amma ƙaurinsu ya yi kama da nata, wato baƙin mai da kuloci da birki. Wasu daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne. Wasu kuwa suna iya cinye mota ƙurmus, ko su jefa ta rami da mutane a ciki. Hanci kaɗai ba zai faɗi wanne ne ba. Sai an tsaya an duba.

A fara tsayawa

Direba ya nemi wuri mai kyau ya sauka daga kan titi. Kada ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa ko karmami. Salansa tana ƙarƙashin mota, kuma zafinta kaɗai ya isa ya kunna ciyawa, musamman da rani. Ya kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihu. Fasinjoji su sauka su matsa nesa, ba su tsaya a kan titi ba. Yaron mota ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan mota. Idan ganye aka sa, a kwashe shi kafin a tafi.

Kafin a taɓa bonet, a duba ko hayaƙi na fita. Idan hayaƙi baƙi ne mai kauri, ko an hango harshen wuta, kada a ɗage bonet gaba ɗaya. Wuta da iska take rayuwa, ɗage bonet kuwa fifita ta ne. A ɗan ɗaga shi kaɗan, a fesa maganin kashe gobara ta wannan kafa. Idan babu, a watsa yashi ko ƙasa. Kada a zuba wa wutar fetur ruwa, domin fetur kan ruwa yake hawa, ya tafi da wutarsa. Idan wuta ta fi ƙarfi, a bar mata motar da kayan. Ba a komawa ɗauko buhu.

Idan babu hayaƙi, a jira kamar minti 10 zuwa 15 inji ya huce. Sannan direba ya zagaya motar yana shinshinawa. Ya tsaya a kowace ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, daga baya ya buɗe bonet. Yana yi yana tuna abu uku. Yaushe ƙaurin ya fara: a hawa, ko a gangara, ko bayan an kafe a yashi? A ina ya fi ƙarfi? Akwai wata ƙara ko wata jar fitila da ta zo tare da shi? Amsar waɗannan ita ce rabin gyara.

Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi da zafi. Ruwan ciki a matse yake, yana iya feshowa ya saɓule fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30.

Leda da tsumma

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma da shi ya kamata a fara. Leda ta cika tasha da kasuwa da bakin hanya. Iska ko taya takan ɗaga ta, ta manne a jikin salansa, ta narke. Ƙaurinta kamar na roba ne sak. Haka nan igiyar roba da ake yankowa daga tsohon tib don ɗaure kaya, idan bakinta ya zubo ya taɓa salansa. Wani lokaci kuma tsumma ne bakanike ya manta a kan inji.

A jira salansa ta huce sarai, a kankare ledar da itace ko dakusasshiyar wuƙa. A cire ciyawa da kara da suka maƙale a wurin. Ɗan abin da ya rage zai yi ta ƙauri na 'yan kwanaki, yana raguwa har ya ɓace. Amma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Bel

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san bel. Ya kuma san yadda bel ɗin injin niƙa yake ihu yana ƙauri idan dutse ya cije ko bel ɗin ya saki. Na mota ma haka yake.

A gaban inji akwai wasu ƙarafa masu kewaye, makanikai na ce musu fuli. Bel yana hawa kansu. Inji na juya ɗaya, bel kuma ya juya sauran. Ta haka ne abin da ke cajin batir yake aiki. A motoci da yawa ta haka ne famfon da ke zagaya ruwa cikin inji yake aiki, da famfon da ke sa sitiyari ya yi laushi, da injin sanyaya mota. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, siririn bel suke da shi, wanda ake kira fambel. Motocin baya-bayan nan kuwa galibi bel ɗaya ne dogo mai faɗi, mai layi-layi a ciki, yana zagaye kusan duk fulin.

Bel yana ƙauri ne idan yana sulɓi, wato fuli na juyawa amma bel bai kama shi da kyau ba. Gugar da ke tsakaninsu ita ke ƙona robar. Abin da ke sa sulɓi shi ne bel ya saki, ko ya tsufa ya yi santsi, ko mai ya zuba a kansa. Akwai kuma dalili na huɗu wanda ya fi waɗannan muni. Boris ɗin da ke cikin ɗaya daga cikin fulin yana iya cijewa, fuli ya tsaya cik. Inji kuwa ba zai daina jan bel ba. Sai bel ya yi ta gugar ƙarfen da ba ya motsi. Cikin 'yan mintoci sai ya yi hayaƙi ya tsinke.

Alamun suna da sauƙin ganewa. Ana jin tsuwwa mai kaifi daga gaban mota, musamman da safe idan an tayar da inji, ko an kunna fitilu, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe. Jar fitila mai hoton batir tana iya kamawa a gaban direba. Allurar zafi tana iya hawa. Sitiyari yana iya yin nauyi.

Ana duba bel ne da inji a kashe. A naɗe hannun riga, a cire babbar riga da rawani, domin bel da fanka ba su san mai mota ba. A wasu motocin fanka da wuta take aiki, tana iya tashi da kanta ko da inji a kashe yake, don haka a nisanta yatsu daga gare ta. A danna bel da babban yatsa a tsakiyar wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Siririn bel mai kyau yakan lotsa kamar santimita 1, wato kusan faɗin ɗan yatsa. Idan ya lotsa ninki biyu na haka, ya saki. A duba cikinsa. Idan ya tsattsage, ko yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ko zare ya fara fita a gefensa, ko akwai baƙin gari a kusa da fuli, ya gama aiki.

Idan sakewa kawai ya yi, a kwance noti, a ja abin cajin batir baya kaɗan, a ɗaure. Kada a ɗaure shi tamau kamar tsarkiyar baka. Bel ɗin da ya yi tsauri yana kashe boris, sai gyaran ƙaramin kuɗi ya koma na babba. Motocin da ke da dogon bel galibi suna da wani fuli mai sifirin da ke ɗaure bel da kansa. Idan bel ya saki a irin waɗannan, ko bel ɗin ne ya miƙe ko wannan fulin ne ya gaji, sai canji.

Kafin a sa sabon bel, a juya kowane fuli da hannu, ban da na jikin inji wanda ke jan sauran. Mai lafiya yana juyawa sumul ba ƙara. Wanda ya ƙi juyawa, ko yake gurnani, ko yake rawa, shi ne mai laifi. Direbobi da yawa sukan tsallake wannan. Su sayi sabon bel su ɗora a kan fulin da ya cije, kafin su kai gari na gaba ya sake tsinkewa, su ce bel ɗin jabu ne.

Akwai dabarar da ake yi a tasha, ta goga wa bel sabulu ko a ɗiga masa mai don ya yi shiru. Shirun na ɗan lokaci ne. Mai kuwa cin roba yake yi, yana kuma ƙara sulɓi.

Idan bel ya tsinke a hanya, kuma shi ne ke juya famfon ruwa, kada a ce bari a lallaɓa a ƙarasa. Inji mai lafiya yana aiki ne a zafin kusan digiri 90. Ruwa a buɗe a digiri 100 yake tafasa. Tazarar ba ta da yawa. Da zarar ruwa ya daina zagayawa, cikin 'yan mintoci inji zai yi zafi, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Kuɗin wannan gyara ya ninka kuɗin bel sau da yawa, kuma mota za ta kwana a gareji ana cikin kakar dako. Shi ya sa direban kirki ba ya rabuwa da bel na ajiya. Lambar bel tana rubuce a bayansa. A kwafe ta a takarda tun kafin ta goge. Mai dogon bel kuma ya zana yadda bel ɗin ya bi ta kan fuli, domin mayar da shi ba zane yana da rikitarwa.

Tiyo da baƙin mai

Tiyo yana da maɗauran da ke riƙe shi a wurinsa. Girgizar hanyar burji tana karya su, bakanike ma yakan manta bai mayar ba. Sai tiyo ya kwanta a kan ƙarfen da ke fitar da hayaƙi daga inji, wanda zafinsa kan haura digiri 500, ko ya riƙa gogar bel. A bi kowane tiyo da ido. Inda ya narke ko ya goge za a gani. A janye shi a ɗaure. Idan ya yi kumburi, ko ya yi laushi tuɓus, ko ya bushe yana tsagewa, a canja. Idan tiyon fetur ne, kada a tayar da motar sai an canja shi. Masu ajiye galan a cikin mota suna jan fetur da tiyo kai tsaye zuwa inji su san cewa a kan gobara suke zaune.

Baƙin mai kuwa yakan tsatso ta gefen murfin kan inji idan robar da ke wurin ta bushe. Yana ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, ya yi hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. An fi jin ƙaurinsa idan mota ta tsaya. A duba ko jikin inji ya jiƙe da mai, a zaro sandar awon mai a ga ko ya ragu. Idan jiya aka yi juye, mai yiwuwa wanda ya zube ne yake ƙonewa, a goge shi. Idan yoyo ne, a canja robar murfin. Ba ta da tsada. Barin ta ne ke da tsada, domin inji zai ƙare da mai, ko man ya kama wuta.

Kuloci

Da damina, idan mota ta kafe a taɓo ko a yashin rafi, direba yakan yi ta ba ta wuta, ƙafarsa rabi a kan kuloci. Can sai wani ƙauri mai hawa kai ya cika motar. Wannan faifan kuloci ne yake ƙonewa.

Faifan kuloci yana tsakanin inji da giya. Idan an saki ƙafa gaba ɗaya, yana manne da inji, suna juyawa tare. Idan an taka har ƙasa, sun rabu. A waɗannan hali biyu babu guga. Guga tana tsakiya ne, lokacin da ƙafa take rabi-da-rabi. Duk wanda ke tafiya ya ɗora ƙafa a kan kuloci, ko yake riƙe mota a kan tudu da kuloci maimakon birki, ko yake tashi da giya ta 2 da lodi a baya, cin faifan yake yi.

Ƙauri sau ɗaya ba ya nufin kuloci ya mutu. A tsaya ya huce. A sauke fasinja da wasu kaya, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa itace ko kara, a tura. Fasinja sun fi son sauka su taka taɓo a kan su kwana a daji.

Alamar kulocin da ya ƙare ita ce a taka totur inji ya yi ruri, amma gudu bai ƙaru ba, musamman a hawa. Ana iya gwadawa a fili inda babu mutane a gaba. A ja birkin hannu, a sa giya ta 3, a saki kuloci sannu a hankali. Idan inji ya mutu nan take, kuloci na kamawa. Idan inji ya ci gaba da aiki bayan an saki ƙafa, faifai ya cinye, sai canji. Kada a yawaita wannan gwaji, domin shi ma yana cin faifan.

Motar da ba ta da kuloci, wato mai canja giya da kanta, man giyarta ne ke ƙauri idan ya yi zafi. Sabonsa galibi ja ne. Idan ya koma baƙi yana ƙauri, a kai ta wurin wanda ya san irin giyar.

Birki

Idan ƙauri ta wajen ƙafa yake fitowa, a fara duba birkin hannu. Manta shi a ɗaure ba abin kunya ba ne, tsofaffin direbobi ma suna yi. Idan a sake yake, a kusantar da bayan hannu ga kowane wili, ba tare da an taɓa ba. Idan ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, birkinta ne ya cije, bai saki ba bayan an ɗaga ƙafa. Tsatsa da taɓo ke jawo haka, musamman ga motar da ke ratsa ruwa. Irin wannan mota takan ja gefe ɗaya, ta yi nauyi, ta sha mai. Idan kuma ana jin gurnani daga ƙafar yana ƙaruwa da gudu, boris ɗin ƙafar ne. Shi ma ba a wasa da shi, domin yana iya sa taya ta fice.

Idan duk ƙafafun sun yi zafi bayan doguwar gangara, to tuƙin ne. Direbobin da ke bin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko hanyar da ke saukowa daga tsaunin Mambila, sun san wannan ƙauri. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa yana dafa birkinsa ne. Zafin yana kaiwa ga man birki. Sabon man birki irin wanda aka rubuta wa DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205. Amma wannan mai yana shan laima daga iska. Idan ya tsufa ya sha ruwa, yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa sai ya yi kumfa. A taka birki ƙafa ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Don haka ake son a canja man birki duk bayan kamar shekara 2, a kuma saye shi a rufe. Masu zuba ruwan sabulu a madadinsa suna wasa da rayukan mutane, domin ruwa tun a digiri 100 yake tafasa, yana kuma sa tsatsa.

Ana sauka gangara ne da ƙaramar giya, irin wadda za a hau tudun da ita, inji ya riƙe motar. Birki a riƙa taka shi ana saki. Sa mota a firi ko kashe inji a gangara don tsimin mai ganganci ne. Da inji a kashe birki yana yin tauri, sitiyari ma haka. Idan birki ya riga ya yi zafi, a tsaya a wuri mai lebur, a sa wa taya dutse, a bar shi ya huce da kansa. Kada a kwara masa ruwa, domin ƙarfen yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Taya

A-kori-kurar da aka faɗa a farko, da direba ya tsaya ya leƙa, mai yiwuwa a nan zai ga matsalar. Lodi ya danne bayan mota har taya tana gogar jikinta. Duk ramin da aka faɗa sai ta ƙara goga. Alamarsa ita ce wani zobe mai ƙyalli ko yanka a jikin taya, da wuri mai sheƙi a ƙarfen da ke samanta. Sifirin da ya karye yana kawo haka, da taya da ta fi girman da aka yi wa motar. Maganinsa rage kaya. Sawu biyu ya fi sawu ɗaya da ba a kai ba.

Taya mai ƙarancin iska ma tana ƙauri. Gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, sai ta yi zafi daga ciki. A haɗa wannan da lodi da zafin kwalta a watan Afrilu, sai fashewa. A auna iska da geji da safe kafin a fara tafiya, ba a buga taya da ƙafa ba. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a bakin ƙofar direba. Idan taya ta yi zafi a hanya, kada a rage mata iska. A bar ta ta huce.

Mai sayen taya kuma ya karanta shekarunta. A gefenta akwai lamba huɗu a cikin ɗan kewaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 yana nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. Manyan kamfanonin taya sun ce kada a yi amfani da wadda ta kai shekara 10, zafin rana kuwa yana sa ta lalace tun kafin haka.

Wayar wuta

Wannan shi ne wanda ba ya ba da lokaci. Ƙaurinsa yana da kaifi, kamar an ƙona bokitin roba, kuma sau da yawa daga ƙarƙashin sitiyari yake fitowa. Fitila tana iya yin ƙyaf-ƙyaf, ko wani abu ya daina aiki.

Motar da ke dakon hatsi ba ta rabuwa da ɓera, ɓera kuwa yana cin rigar waya. Wayar da ta tsiraita idan ta taɓa ƙarfen mota sai ta yi ja kamar garwashi. Haka nan wayoyin da aka ƙara don rediyo ko ham ko fitilun ado, aka murɗa su da hannu aka naɗe da leda.

Masu ƙera mota sun yi tanadin wannan. Sun sa fiyus. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Kowanne da lambarsa da launinsa. A irin wanda aka fi samu, ja lamba 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan fiyus ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya. Idan sabon ya sake ƙonewa nan da nan, akwai wayar da ta haɗu a wani wuri, sai mai gyaran wutar mota ya nemo ta. Abin da ake yi na cusa waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbin fiyus, ko sa mai lamba 30 a gurbin mai lamba 10, daidai yake da korar maigadi. Motoci da yawa ta haka suka ƙone.

Da an ji irin wannan ƙauri, kashe makulli bai isa ba, domin wasu wayoyin suna da wuta ko da makulli na aljihu. A cire kan batir. A fara da mai alamar ragi, wato (−), wanda wayarsa ke haɗe da jikin mota. Dalili shi ne idan sifana ta taɓa ƙarfen mota a lokacin, ba za ta yi tartsatsi ba. A yawancin ƙananan motoci sifana lamba 10 ce ke kwance shi, don haka ta zauna kusa da direba, ba ƙarƙashin buhuna ba. A kuma tabbata batir a ɗaure yake. Wanda ke tsalle a hanya kansa yana iya taɓa bonet.

Idan warin kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ne, batir kuma ya yi zafi ko ya kumbura, caji ne ya yi masa yawa. Iskar da ke fita daga gare shi tana kama wuta. Kada a kusance shi da ashana ko sigari.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana neman kowace mota ta riƙe gwangwanin kashe gobara. Direbobi da yawa suna ajiye shi ne don nuna wa ma'aikata a hanya, ba su taɓa duba ko akwai abu a ciki ba. A wuyansa akwai 'yar allura. Idan tana kan kore, yana da ƙarfi. Idan ta sauka kan ja, a kai a cika ko a sayi wani.

A wurin bakanike

Direba ya faɗa wa bakanike amsar tambayoyin nan uku: lokacin da ƙaurin ya fara, inda ya fi ƙarfi, da ƙara ko fitilar da ta zo tare da shi. Kada ya yarda da "ba komai, Oga, ci gaba da tafiya" sai an nuna masa inda ƙaurin ya fito. Idan an ce an canja abu, ya nemi tsohon ya gani. Idan motar ta wani ce yake ja, ya sanar da maigidan tun ranar, kada ya ɓoye don tsoron faɗa.

Bayan gyara, a yi 'yar tafiya ta kilomita 2 ko 3 ba fasinja, a tsaya a sake zagayawa da hanci. Sabon faifan kuloci da sabon birki sukan ɗan yi ƙauri a kwanakin farko, haka ma ragowar leda ko man da ya zube. Irin wannan raguwa yake yi kullum. Idan ƙaurin yana nan yadda yake bayan kwana 2 ko 3, ko ya ƙaru, ba a taɓo ainihin wurin ba, sai a mayar da motar gareji kafin a yi mata lodi.